A Duba Linzamin Tsohuwar Mota

Duk ranar kasuwa, tun kafin hantsi, hanyoyin karkarar Nijar sukan cika da tsofaffin motoci. Daga Maraɗi zuwa Dakwaro, daga Damagaram zuwa Magarya ko Tanut, daga Tawa zuwa Kaita, su ne ke ɗaukar gero da wake da albasa, da bisashe, da fatake, da marasa lafiyar da ake gaggawar kai wa likita. Da yawa daga cikinsu sun girmi direbobin da ke tuƙa su. Inda babbar motar sufuri ba ta zuwa, su suke zuwa, kuma da za su tsaya mako ɗaya, da kasuwanni da dama ba su ci ba. Saboda haka lafiyar waɗannan motoci magana ce da ta shafi jama'a gaba ɗaya.

Abin takaici shi ne, a wajen gyara ba kowane sashe na mota ke samun rabonsa ba. In inji ya yi tari, nan da nan mai mota zai nufi garaji, domin motar da ba ta tashi ba, ba ta kawo kuɗi. In birki ya yi sanyi, direba yana jin haka a ƙafarsa, tsoro kuma ya kama shi. Amma ƙarafan da ke haɗa sitiyari, wato bolan, da ƙafafun gaba, suna can ƙarƙashi cikin ƙura, ba mai leƙa su. Suna cinyewa sannu a hankali, hannun direba yana sabawa da lalacewarsu, har ranar da ɗayansu zai ɓalle. Mahayi ba ya hawan doki sai ya duba linzami. Waɗannan ƙarafa su ne linzamin mota, ga shi kuwa doki mutum ɗaya yake ɗauka, ita tana ɗauke da rayuka masu yawa.

Yana da kyau a tuna asalin waɗannan motoci. Peugeot 404 ta fito a Faransa a 1960, ta 504 kuma a 1968. Samfurinsu mai buɗaɗɗen baya, wanda ake kira bashe, ko a-kori-kura a bakin mutanen Najeriya, ya biyo baya: na 404 a 1967, na 504 a 1979. Masana'antar Peugeot ta Kaduna ta soma aiki a 1975, kuma ta ci gaba da haɗa 504 har bayan shekara ta 2000, kamar yadda Kenya ta haɗa 404 har 1991. A shekarun 1970 da 1980, samarin Turawa sun riƙa ƙetaro Sahara da irin waɗannan motoci ta Tamanrasset, Asamaka, Arlit da Agadas, su sayar, su koma gida ta jirgin sama. Wasu sun sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, suka shigo ta Gaya. Ga kuma Land Rover samfuri na uku, wadda aka ƙera daga 1971 zuwa 1985, da Toyota Land Cruiser samfurin 40, wadda aka ƙera daga 1960 zuwa 1984.

A ƙasar Faransa, motar da ta cika shekara 30 ana iya yi mata takardar motar tarihi. Mai ita yana ajiye ta cikin rumfa, yana goge ta, ya fito da ita ranar hutu don sha'awa. A garin Sosho, cibiyar kamfanin Peugeot, akwai gidan tarihi tun 1988 inda ake zuwa kallon 404 da 504. Duk da wannan gata, doka ba ta ƙyale irin waɗannan motoci ba: wadda aka yi wa rajista daga 1960 zuwa sama sai an binciki lafiyarta kowace shekara 5, kuma sitiyari yana cikin abubuwan da ake dubawa. To, in motar da ba ta ɗaukar komai sai mai ita tana bukatar wannan bincike, ina ga wadda ke fita kullum da lodi har sama, bisa jar hanya mai gargada?

Yadda ƙarafan suke aiki

Tsarin sitiyarin tsofaffin motoci iri biyu ne. Na farko shi ne na 404 da 504, wanda makanikai ke kira kiremayer. Sanda ce mai haƙora, kwance tsakanin ƙafafun gaba, kuma wani ɗan ƙaramin gare mai haƙora da ke ƙarshen sandar sitiyari shi ke tura ta dama ko hagu. Daga kowane gefe nata wata ƴar sanda ta miƙa zuwa ƙafa. Na biyu shi ne na akwati, irin na Land Rover, da Land Cruiser, da tsofaffin Mercedes, da manyan motocin kaya. A nan juyin sitiyari yana shiga cikin akwati mai mai, ya motsa wani hannun ƙarfe, hannun ya ja doguwar sanda zuwa ƙafa ɗaya, wata sandar kuma ta haɗa ƙafafun biyu don su juya tare.

Ba a banza aka karkata hannuwan da ke jikin ƙafafun ba. In mota tana shan kwana, ƙafar ciki tana bin ƙaramin da'ira, ta waje tana bin babba, don haka dole ta ciki ta fi karkata. Wani maƙerin kekunan doki na birnin Munik, Georg Lankensperger, shi ya tsara wannan dabara, wakilinsa Rudolph Ackermann kuma ya yi mata rajista a Ingila a 1818, tun kafin a san mota. Ma'anar wannan ga mai gyara ita ce, tsawon kowace sanda da lanƙwasar kowane hannu an auna su ne da lissafi. Wanda ya sauya su da guduma ya ɓata lissafin.

A ƙarshen kowace sanda akwai gaɓa, wadda ake kira rotil. Ƙwallon ƙarfe ne zaune cikin ƙoƙo, kamar yadda kan ƙashin cinya ke zaune cikin ƙugu. Yana da wuya mai tsukewa wanda ke shiga ramin hannun ƙafa ya matse, a ɗaure shi da noti. An cika ƙoƙon da girisi, an rufe shi da ƴar jakar roba. Tsohuwar Land Rover tana da irin wannan gaɓa har 6 tsakanin akwati da ƙafafu, ban da wani mahaɗi mai mai da ya ratsa ƙarfen gaban shasi. In kowace gaɓa ta ɗan saki kaɗan, sai sakin ya taru, direba ya riƙa juya sitiyari alhali ƙafafu ba su motsa ba.

Abokan gabar rotil a wannan ƙasa sanannu ne. Zafin rana yana busar da robar rufi ta tsage. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: da zarar robar ta buɗe, rairayi ya shiga ya cuɗu da girisi, ya zama kamar dutsen wasa wuƙa, yana cin ƙwallo da ƙoƙo a kowane juyi. Da damina ruwan fadama ya shiga, tsatsa ta biyo. Gargadar hanya tana girgiza gaɓar ba hutu, rami yana dukanta, lodin da ya wuce kima yana ƙara mata wahala. Ranar da ƙwallon ya fice daga ƙoƙonsa, ƙafar ba ta ƙara jin maganar sitiyari. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a daƙiƙa ɗaya. Kafin direba ya gane abin da ya faru, ta bar hanya. Sai a ji an ce mota ta ƙwace wa direba. A bayan wannan magana, wani lokaci ba komai ba ne illa ƙarfen da bai wuce a riƙe shi a tafin hannu ba.

Gyaran ganin ido

Makanikan Nijar mutane ne masu basira, kuma ba don hikimarsu ba da waɗannan motoci sun daɗe da zama kwandon shara. Sai dai akwai dabarun da suka dace da ƙofa ko kujera, waɗanda ba su dace da sitiyari ba ko kaɗan. Akwai mai cusa guntun gwangwani ko robar tayar keke cikin ƙoƙon rotil don ya daina kaɗawa. Akwai mai bugun bakin ƙoƙon da guduma ya matse shi. Hayaniyar takan ɗauke na ƴan kwanaki, amma ƙarfen da ya cinye bai dawo ba. Akwai mai yi wa karyayyar sanda walda, akwai mai sa lanƙwasasshiya a wuta ya miƙe ta. Waɗannan ƙarafa an ƙera su, an horar da su da wuta tun a masana'anta, don su jure duka; sabuwar wuta tana sauya halinsu, sai su karye ba tare da gargaɗi ba, galibi dab da inda aka yi waldar.

Haka nan notin rotil yana da abin da ke hana shi kwancewa. Wani noti yana da tsaga a kai, inda ake zura ƴar ƙusa mai baki biyu, wadda ake kira gupil, a buɗe bakunanta. Wani kuma yana da zoben roba a ciki mai riƙe shi. Sau nawa ake mayar da tsohon gupil da ya riga ya gaji, ko a sa ƙusar kafinta, ko guntun waya, ko ma a bar ramin haka nan? Abu ne da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, amma shi ke tsakanin fasinja da kabari. Irin wannan aiki ba gyara ba ne, ɓoye ciwo ne, kuma mai ɓoye ciwo ba ya samun magani.

Gyaran gaskiya

Binciken sitiyari ba ya bukatar na'ura mai tsada. Mutum biyu sun isa. Mota tana tsaye bisa ƙafafunta a ƙasa mai tauri, ɗaya ya riƙa kaɗa sitiyari dama da hagu a hankali, ɗaya ya shiga ƙarƙashi ya ɗora hannu bisa kowace gaɓa, ɗaya bayan ɗaya. Gaɓar da ta cinye tana bugawa a tafin hannu. Daga nan a ɗaga gaban motar da jak, a tokare ta da abu mai ƙarfi, a kama taya ta gefe da gefe a girgiza: in ta yi wasa, laifin yana wajen sanduna. In an kama ta sama da ƙasa ne ta yi wasa, sai a nemi laifin a cikin cibiyar ƙafar ko gaɓoɓin da ke riƙe da ita. A duba robobin rufi, da robar da ke haɗa sandar sitiyari da kiremayer, da notocin da suka ɗaure akwati a jikin shasi, da shasin kansa ko ya tsage a wurin. Masu binciken mota a Ingila suna da ma'auni: ga sitiyari mai faɗin santimita 38, wasansa kada ya wuce milimita 13 in kiremayer ce, ko milimita 75 in akwati ne. Wato kaurin ɗan yatsa guda ga na farko, yatsu huɗu ga na biyu.

Rotil da ya cinye maganinsa ɗaya ne, a sauya shi. Ana fitar da shi da abin cirewa da aka yi domin haka, ko kuwa a tokare hannun ƙafar da babbar guduma ta gefe ɗaya a buga ta ɗaya gefen har wuyan ya saki. Ba a dukan kan wuyan inda noti ke bi. Kafin a kwance tsohon daga sanda, a auna tsawonsa, a ƙirga juyi nawa ya yi kafin ya fita, a mayar da sabon daidai haka. Wajibi ne a sani cewa a wasu sanduna kai ɗaya ta dama yake ɗaurewa, ɗayan ta hagu, domin a iya ƙara tsawo ko a rage ba tare da an cire su ba. A goge rami da wuya su bushe sarai, a ɗaure noti gwargwadon ƙa'idar kamfani, a sa sabon gupil, a matse maɗaurin sanda. Gaɓar da ke da bakin zuba girisi a ba ta girisi a kai a kai.

Akwatin sitiyari kuwa yana da nasa sirri. Ya fi cinyewa a tsakiya, domin a nan mota ke yin mafi yawan tafiyarta. Saboda haka ana gyara matsinsa ne ƙafafu suna kallon gaba sak, sannan a juya sitiyari har ƙarshe ta kowane gefe a tabbatar bai cije ba. Wanda ya matse shi fiye da kima don ya kashe wasa zai sami sitiyarin da ba ya komowa bayan kwana. A kuma duba mansa, domin akwatin da ya bushe yana cin kansa. Mahaɗin nan na Land Rover yana da wani matsattsen ƙarfe mai tsalle a cikinsa, mai iya raunata mutum. Buɗe shi ba aikin ɗan koyo ba ne.

Aiki na ƙarshe, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne daidaita ƙafafun gaba. Ko babu na'ura, ana iya yin haka da sandar awo ko igiya a daɓe mai laushi, a gwada tazarar ƙafafun ta gaba da ta baya. Kuskuren milimita 3 kaɗai yana sa kowace taya ta riƙa jan jiki a kaikaice wajen mita 4 a kowane kilomita. Daga Yamai zuwa Damagaram, tafiyar kusan kilomita 900, ta kankare kwalta fiye da kilomita 3 ke nan. Mai motar da ya ƙi biyan ladan awo zai biya kuɗin taya, ya ƙara da na mai.

Maganar kuɗi da kayan gyara

Masu motoci suna da nasu kuka, kuma kuka ne na gaskiya. Tun da aka karya darajar kuɗin sefa da rabi a watan Janairu na 1994, kayan da ake sayowa daga Turai suka ninka tsada, jama'a suka karkata ga na hannu da kuma masu araha. Kamfanoni sun daina ƙera waɗannan motoci, kasuwa kuma ta cika da kaya iri iri, wasu masu kyau, wasu na jabu cikin kwali mai kama da na asali. Amma araha ba ta ado. Rotil na jabu yakan saki cikin ƴan watanni, a sake saye, a sake biyan makanike, motar kuma ta yi asarar ranar kasuwa. Na hannu da aka ciro daga mushen wata mota ba wanda ya san dukan da ya sha. In za a yi tsimi, a yi shi a fenti da kujeru.

Akwai masu ganin cewa mafita ita ce a hana tsofaffin motoci hawa hanya baki ɗaya. Wannan magana tana da daɗin faɗi a birni. A karkara kuwa, hana su daidai yake da yanke ƙauyuka daga kasuwa da asibiti, tun da manomi ba shi da abin da zai maye gurbinsu. Tsufa ba shi ne laifin mota ba. Tsarin sitiyarin waɗannan motoci mai sauƙi ne, ana iya kwance shi a gyara da kayan aiki kaɗan, kuma motar 1975 mai sababbin gaɓoɓi ta fi ta bara mai cinyayyu aminci a wannan fanni.

Nauyin kowa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa haɗurran hanya suna kashe mutum kusan miliyon 1 da dubu 190 a kowace shekara. Afirka, mai kashi 3 cikin 100 na motocin duniya, ita ke da kusan kashi ɗaya cikin biyar na waɗannan mamata. Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa gurin rage adadin da rabi tsakanin 2021 da 2030. Sanadin haɗari yana da yawa: gudu, da barci, da lodi, da lalacewar hanya. Gyaran hanya sai gwamnati da miliyoyin kuɗi. Gyaran sitiyari kuwa yana hannun talaka, kuma a yini ɗaya ake gama shi.

Mai mota shi ne na farko. Direban da ya kawo masa ƙarar sitiyari yana kare masa dukiya ne, bai cancanci faɗa ko kora ba. Direba kuma ya san alamomin: mota tana yawo a hanya, tana ja gefe ɗaya, sitiyari yana rawa, ana jin bugu in an faɗa rami, taya tana cinyewa ta baki ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Makanike ya kamata ya iya cewa a'a ga mai neman a lallaɓa masa, domin sunan garaji ya fi ladan yini ɗaya, kuma abin da yaransa suka ga yana yi shi za su yi in sun buɗe nasu. Sandikar direbobi, wadda ke tsara layi a kowace tasha, tana da ikon hana motar da sitiyarinta ke wasa yin lodi, kuma binciken mutum biyu da aka bayyana a sama bai wuce minti 10 ba.

Magabata su ma suna da nasu rabo. Takardar binciken mota ba ta da amfani in ba a shiga ƙarƙashin motar ba. Jandarmomi da ke rubuta bayanin haɗari, in suna nuna ƙarfen da ya karye a duk inda aka gano shi, hukumar kiyaye haɗurran hanya ta ANISER za ta san inda ya kamata ta sa ƙarfinta. Ƴan duwan da ofishin ministan kasuwanci su sa ido bisa kayan jabu. Cibiyoyin koyar da sana'o'i da asusun FAFPA su kai horo har cikin garaji, a harshen da makanikai ke ji, tun da mafi yawansu a gaban maigida suka koyi aiki. Gidajen rediyon karkara su ma su ba da tasu gudummawa.

Fasinja yakan ce Allah ya kiyaye hanya in mota za ta tashi, kuma addu'a ce mai kyau. Amma Hausawa sun ce Allah ya ce tashi in taimake ka. Ƙaddara gaskiya ce, sakaci kuma laifi ne, bai kamata a rufe ɗaya da sunan ɗaya ba. Waɗannan motoci sun yi wa ƙasa aiki shekara 40, wasu 50, kuma za su iya ƙarawa in an riƙe su da amana. Abin da ake nema ba shi da yawa: a leƙa ƙarƙashi kafin a yi lodi, a sauya abin da ya cinye, a sa sabon gupil, a auna ƙafafu. Wanda ya yi haka ya sauke nauyin da ke kansa, kuma matafiyan da suka ba shi amanar rayukansu za su sauka gida lafiya da yardar Allah.